Ikon Allah ne ko an ci kuɗi ne? Fashin baƙi kan ilimin tafiyar da haɗari a ayyukan injiniya

Duk shekara idan damina ta kankama, gardama ɗaya ce ke dawowa majalisun Maradi. Ruwa ya cinye gefen kwalta, ko ya ɗauke kwalbatin da aka gama bara, ko katangar makaranta ta kwanta, sai mutane su rabu biyu. Wasu su ce ikon Allah ne, wa ya isa ya tare ruwa. Wasu su ce babu wani nan, kuɗin aikin aka cinye. Gardamar ta yi zafi ƙwarai bayan Juma'ar 30 ga Agustan 2024, ranar da ruwan da ya kai milimita 150 ya sauka a kan birnin cikin kamar awa ɗaya da rabi, aka rasa rayuka aƙalla 15, gidaje suka rushe, hanyoyi suka tsinke. Garin da duk daminarsa ba ta cika wuce milimita 500 da wani abu ba, ya sha fiye da rubu'inta kafin a ce kwabo.

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma akwai tambaya ta uku da ba a cika yi ba: kafin a sa diga a ƙasa, wa ya zauna ya lissafa abin da ka iya lalacewa, kuma a wuyan wa aka rubuta cewa hasarar za ta faɗa? Amsa wannan tambaya ilimi ne mai zaman kansa da ake karantawa a makarantun injiniya. Shi ne ake kira tafiyar da haɗari.

Hadari, haɗari da matsala

Hausa ta yi mana gata a nan. Muna da hadari, wanda ke haɗowa daga gabas, muna da haɗari, mai harafin ɗ mai lanƙwasa. Na farkon kyakkyawan misali ne na na biyun. Idan hadari ya haɗu, ba a san ko zai zubar ko iska za ta watsa shi ba, amma uwar gida ba ta jira ta gani: tana kwashe shanya, tana rufe gero, tana kiran yara. Ba ta san gaibu ba. Ta dai san cewa kwashe shanyar ba ya cin komai, jiƙewar hatsi kuwa hasara ce.

A wurin injiniya, haɗari shi ne abin da bai faru ba tukuna, mai yiwuwa ya faru, wanda idan ya faru zai taɓa ɗaya daga cikin abubuwan da aka yi alkawari: kuɗin aikin, wa'adinsa, ingancinsa, ko lafiyar mutane. Da zarar ya faru ya tashi daga haɗari, ya koma matsala. Wannan bambancin ba wasa da kalmomi ba ne. Yawancin abin da muke kira kula da aiki a nan, kashe gobara ne bayan ta tashi. Kwamitin da ake kafawa bayan gada ta karye, kwamitin matsala ne. Na haɗari tun aikin yana kan takarda yake zama.

Ƙa'idar duniya da aka fi komawa gare ta, ISO 31000, wadda aka fitar a 2009 aka sabunta a 2018, ta fassara haɗari da cewa tasirin rashin tabbas ne a kan manufa. Wato har abin alheri yana ciki. Farashin ƙarfe yana iya faɗuwa, a tarar da ƙasar wurin ta fi yadda aka zata ƙarfi. Wanda ya yi shiri zai ci moriyar hakan, wanda bai yi ba sai dama ta wuce shi.

Kowane haɗari ana auna shi da ma'auni biyu: yiwuwarsa, da nauyinsa idan ya auku. Tayar tifa ta fashe a hanyar ɗauko tsakuwa, abu ne na kullum amma mara nauyi. Dal, wato rufin kankare, ta rufto a kan ma'aikata, ba kasafai ba, amma sau ɗaya ya isa. Mutane sun fi damuwa da na farko domin shi suke gani kowane mako, alhali na biyun ne ke rufe kamfani, ya kuma bar marayu.

Wannan ba jayayya da ƙaddara ba ne?

Dole a taɓo wannan, don na sha jin magini yana cewa a bar kiran mugun abu, baki shi ke yanka wuya. A wani shantiye idan yaro ya ce yana son hular kwano kafin ya hau sama, dariya za a yi masa, a ce wanda kwanansa ya ƙare ko a kan katifa sai ya tafi.

Addinin da muke fakewa da shi bai ce haka ba. Mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, an ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da tawagarsa, da aka ce masa ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Annabi Yusuf kuwa shekara bakwai ya sa ana ajiye hatsi a zangarniyarsa saboda shekara bakwai na fari da ke tafe. Bamaraden da ya gina rumbu, ya shuka gero da wake da dawa a gona ɗaya don in wannan ya ƙi wancan ya yi, ya riga ya san rabin darasin. Abin da makaranta ta ƙara shi ne rubutu da lissafi.

Yadda ake yin lissafin

Aikin yana farawa da wata takarda da ba ta da wani kwarjini: rajistar haɗari. Ana tara masu zane, masu gini, mai aikin, in an yi dace har da mutanen unguwa, kowa ya faɗi abin da yake tsoro. Kowane abu a ba shi layinsa: mene ne, me zai jawo shi, yiwuwarsa nawa, zai ci nawa, me za a yi, kuma wa ke da alhakin sa masa ido. Wannan gurbi na ƙarshe shi ne ran takardar. Haɗarin da ba a rubuta sunan kowa a gabansa ba, na kowa ne, wato ba na kowa ba ne.

A ce ɗan kwangila ya samu aikin gina azuzuwa a wani ƙauye bayan Dakoro a kan sefa miliyan 60. Ya duba ya ga siminti na iya tashi kafin ya gama, ya ƙiyasta yiwuwar hakan rabi da rabi, kuma idan ya tashi zai ƙara masa miliyan 4. Rabin miliyan 4 shi ne miliyan 2. Ya ga kuma idan damina ta riske shi da ramin tushe a buɗe, ruwa zai cike shi da yashi, motoci ma ba za su iya shiga ba. Yiwuwar ɗaya cikin biyar, hasarar miliyan 5, wato miliyan 1. Haka zai bi sauran ya tara. Jimillar ita ce kuɗin ko-ta-kwana da ya kamata a ware. Abin lura shi ne babu ranar da zai yi hasarar miliyan 1 daidai a kan ruwan nan: ko dai ba komai, ko miliyan 5 cif. Lissafin yana aiki ne idan an haɗa haɗurra da yawa a tukunya ɗaya, wani ya auku wani ya ƙi. A manyan ayyuka kwamfuta ake sa wa ta maimaita aikin sau dubbai a cikin lissafi, kowane karo da irin sa'arsa, har a iya cewa akwai yiwuwar kashi 80 cikin 100 a gama a ƙasa da kuɗi kaza. Sunan wannan dabara Monte Karlo, sunan garin caca, kuma bai faɗi ƙasa banza ba.

Bayan an auna, sai a yanke abin yi. Wani haɗarin kauce masa ake yi gaba ɗaya, kamar a ɗaga ginin daga bakin ƙorama zuwa tudu. Wani a rage shi: a sayi simintin tun farko a ajiye a wuri mai rufi, a tsara tona tushe tun watan Fabrairu ba Yuni ba, a riƙa zuba kankare da sassafe a lokacin bazara a kuma yi ta shayar da shi ruwa kwana bakwai, domin zafin Afrilu yana busar da shi kafin ya yi ƙarfi. Wani a miƙa shi ga wani, kamfanin inshora ko ƙaramin ɗan kwangila. Wani kuma a ce mun gani, mun yarda, ga kuɗinsa a gefe. Yarda da haɗari ido buɗe ba laifi ba ne. Laifin shi ne a ɗauke shi ba a sani ba, ko a sani a yi shiru.

Akwai inda wannan ninkawa da tarawa ba ta isa ba. Rai ba ya shiga gurbin sefa. Azuzuwan zana suna da araha, ana kafa su cikin kwana biyu, kuma shekara da shekaru ana karatu a cikinsu lafiya. Amma a Afrilun 2021 gobara ta ci yara kusan 20 a irinsu a Yamai, wata bakwai bayan nan, ranar 8 ga Nuwamba, ta ci sama da 20 a nan Maradi. Abin da yiwuwarsa ƙarama ce amma nauyinsa ba ya ɗaukuwa, ba a yi masa lissafin riba da faɗuwa. Ja masa layi ake yi.

"Ruwan shekara ɗari" da yadda ake yi masa gurguwar fahimta

A nan ne gardamar majalisa ta fi buƙatar haske. Babu injiniyan da ke zana magudanar ruwa don ta ɗauki kowane irin ruwa. Da za a yi haka, da kuɗin kanibo ɗaya ya gina unguwa. Abin da ake yi shi ne a zaɓi girman ruwan da za a iya ɗauka, a ce misali ruwan shekara 10 ga magudanun cikin gari, na shekara 50 ko 100 ga babbar gada, fiye da haka nesa ga madatsar ruwa.

Ruwan shekara 100 ba yana nufin wanda ke zuwa sau ɗaya ya tafi sai bayan ƙarni ba. Yana nufin ruwan da yiwuwar zuwansa a kowace damina ɗaya ce cikin 100. Yana iya zuwa bana ya dawo baɗi. Wanda ya zauna shekara 30 a gidan da irin wannan ruwa ke kaiwa, yiwuwar ya gamu da shi aƙalla sau ɗaya ta kai kashi 26 cikin 100, sama da rubu'i ke nan. Kanibon da aka zana wa ruwan shekara 10 kuwa, yiwuwar a fi ƙarfinsa cikin shekara goma ta farko kashi 65 ce. Saboda haka ganin ruwa ya tumbatsa ya hau kwalta ba shi kaɗai ne shaidar sata ba. Tambayar da ta dace ita ce wane ruwa aka zana masa, wa ya zaɓa, kuma da ruwan ya wuce, ginin ya tsaya ko ya bi shi? Kwalbatin kirki ruwa na iya haye shi ya bar shi a tsaye. Wanda aka rage wa ƙarfe da siminti, ko ba a daddale gefensa da dutse ba, ruwan da bai kai na zanen ba ma yana tafiya da shi.

Sai kuma wata matsala da ta fi wannan zurfi. Hanyoyin ƙiyasta ambaliya a ƙananan ƙoramun Sahel da ɗalibanmu ke koya, asalinsu aikin masanan cibiyar binciken Faransa ta ORSTOM ne na 1965, da na cibiyar nazarin ruwa ta ƙasashen Afirka, CIEH, na shekarun 1980, aka yi musu kwaskwarima a shekarun 1990. Ƙasar da aka auna a lokacin ba ita ce ta yau ba. Daji ya ragu, ƙasa ta yi ɓawo, ruwan da da yake nutsewa yanzu gudu yake yi. Masana sun daɗe da lura da wannan abin mamaki: ko a shekarun fari, ƙoramun Sahel ƙara kawo ruwa suka yi. Sannan wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan adam, ya nuna cewa manya-manyan hadarin Sahel sun ninka yawansu sau uku tun daga 1982. Ga kuma garin kansa: ƙidayar 2012 ta ba Maradi mutum sama da 260,000, kuma kowane sabon rufin kwano da kowane daɓen siminti ƙarin ruwa ne a kan titi. Injiniya na iya bin littafi sawu da ƙafa, bai ci ko dala ba, kwalbatinsa ya yi kaɗan.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne garin nan da kansa sakamakon wani hukuncin haɗari ne. Tsohuwar Maradi a cikin fadamar Gulbi take. Ambaliyar 1945 ce ta sa aka taso da ita zuwa kan tudu, aka yanka titunan nan miƙaƙƙu. Kakanninmu sun kauce. Jikokinsu kuwa, saboda tsadar fili, suna ta gangarawa suna gini a kan hanyoyin da ruwa ke bi daga tudun zuwa Gulbi. Gulbin kansa daga Najeriya yake shigowa, da madatsar Jibiya a samansa, wato abin da ake yankewa a wata ƙasa yana cikin lissafin mai noman rani a Jiratawa. Mutanen Maiduguri sun ga abin da madatsa ke iya yi lokacin da ta Alau ta ɓalle a Satumbar 2024.

Haɗarin da ba ya cikin ƙasa ko sama

Ɗalibi yakan zata haɗari duk na ruwa da ƙasa da kankare ne. Manyan ayyukan da muka sani sun nuna akasin haka. Layin dogon Kano zuwa Maradi, mai tsawon kilomita 284, wanda zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, an aza harsashinsa a Fabrairun 2021, aka ba kamfanin Mota-Engil na Fotugal a kan kusan dala biliyan 2. Cikin shekara uku da wannan biki, naira ta tashi daga wajen 460 a kan dala zuwa sama da 1,400, an yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, CEDEAO ta sa takunkumi, iyaka ta rufu wata da watanni, Najeriya ta yanke wuta. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya cikin littafin ƙarfe da kankare, amma kowannensu yana taɓa jirgin da ake son ya tsallaka iyaka.

Madatsar Kandaji ma haka. An aza tubalinta a 2008, aka soke kwangilar kamfanin Rasha a 2013, aka sake ɗaga aikin da kamfanin Sin a 2019, shi ma ya dakata a 2023 da kuɗin masu ba da rance suka tsaya. Bututun man Agadem mai tsawon kusan kilomita 2,000 an gama shi, sai rikicin Nijar da Benin ya tare shi a bakin teku a 2024. A nan gida ba sai an je nesa ba: duk ɗan kwangilar da ke sayen siminti ko ƙarfe ta Ɗan Isa ya san cewa canjin naira da halin da iyaka ke ciki su ne rabin ribarsa.

Kada a ce namu ne kaɗai. Wani masani ɗan Denmak, Bent Flyvbjerg, da abokan aikinsa sun bi ayyukan sufuri 258 a ƙasashe daban-daban, suka buga sakamakon a 2002: tara cikin goma sun wuce kuɗin da aka ce, layin dogo da kusan kashi 45 cikin 100, hanyoyin mota da kusan kashi 20. Filin jirgin saman Balin da aka shirya buɗewa a 2011 sai 2020 ya buɗe, a Jamus fa. Bayanin da Flyvbjerg da abokan aikinsa suka bayar ya zauna daidai da abin da muka sani a nan. Wani ɓangaren kyakkyawan zato ne, kowa na ganin nasa aikin zai bambanta. Wani ɓangaren kuwa da gangan ne: a rage kuɗin a kan takarda don a samu sa hannu, in an soma ai ba za a bari ba. Maganin da suka kawo mai sauƙin faɗi ne, wato kada ka tambayi kanka nawa aikinka zai ci, je ka duba nawa ire-irensa suka ci.

A wuyan wa?

Ga inda nake ganin zancen yake. Haɗari ba ya ɓacewa don an ƙi rubuta shi, hannu yake canzawa. Takardar kwangila, idan aka cire mata ado, rabon haɗari ce. Ƙa'idar da masana suka yarda da ita, wadda samfuran kwangila na ƙungiyar injiniyoyi ta duniya, FIDIC, suka ginu a kai, ita ce a ba kowa haɗarin da ya fi kowa iya riƙewa. Ingancin kankare na ɗan kwangila ne. Biyan diyyar gonaki da sakin fili na gwamnati ne. Dutsen da aka tarar a ƙarƙashin ƙasa ba a zata ba, ya danganta da wanda ya yi gwajin ƙasar, in ma an yi.

A kwangilolin gwamnati na ƙasashen UEMOA, masu amfani da sefa a Yammacin Afirka, akwai matakan kariya. Ana riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila, wanda ba ya wuce kashi 5 cikin 100. Akwai karɓar aiki ta wucin gadi, sannan ta dindindin, galibi bayan shekara guda, don a ga yadda aikin zai yi da damina ɗaya. Akwai lamunin shekara goma a kan ƙarfin gini, wanda muka gada daga dokar Faransa. Akwai ofishin sa ido, akwai gwajin kankare da ake fasawa a ɗakin bincike bayan kwana 28. A kan takarda ba mu rasa komai ba.

A ƙasa kuwa kowa da kukansa. Ɗan kwangila zai ce maka an ba mai mafi araha, don haka duk wanda ya sa kuɗin ko-ta-kwana na gaskiya a farashinsa ya faɗi tun kafin a buɗe ambulan. Zai ce ya yi aiki da bashin banki, biyansa ya makale wata da watanni, ruwan bashin na cin ribarsa. Ma'aikacin gwamnati zai ce kuɗin da ke akwai ke nan, ko a yi kilomita goma masu rauni ko biyar masu ƙarfi, kuma mutanen sauran biyar ɗin su ma ƴan ƙasa ne. Wannan hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba. Mai sa ido zai ce, a asirce, da wuya ka ƙi sa hannu a aikin mutumin da motarsa ta kawo ka shantiye. Ɗan siyasa kuma ranar yanke kyalle yake so. Mun ga irin wannan tsere lokacin Maradi Kwalliya a 2015: ranar bikin Jamhuriya, 18 ga Disamba, ba ta matsawa, kankare kuma bai san da bikin ba, kwanakinsa yake bi.

Idan kowa ya ture, haɗarin gangarawa yake yi kamar ruwa har ya isa wurin wanda ba ya iya turewa. Babban kamfani ya miƙa wa ƙarami, ƙarami ya rage buhu ɗaya daga bakwai ɗin da ake sa wa kowace mita kubik ta kankaren ƙarfe, lebura ya hau katakon da ba shi da madogara, mai gidan da ke ƙasan titi ya karɓi ruwan da sabuwar kwalta ta juyo masa. Babu ɗaya daga cikin na ƙarshen nan da ya sa hannu a wata takarda.

Tibiri ta isa misali. Rijiyar burtsatsen da aka soma shan ruwanta a tsakiyar shekarun 1980 ta ba da ruwa garai-garai, aikin injiniya ya yi kyau a ido. Sai bayan kusan shekara 15 aka tabbatar cewa sinadarin fulor da ke cikin ruwan ya ninka iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya, miligiram 1.5 a lita, fiye da sau uku. Kafin nan haƙoran yara sun rine, ƙasusuwan ɗaruruwa sun lanƙwashe. Gwajin da zai nuna wannan kuɗinsa bai kai na ƴan tsayin bututu ba. Layi ɗaya ne a rajista, da sunan mutum ɗaya a gabansa.

Ga mai son karanta fannin, da mai ginin gidansa

Ba kasafai ake fara karatu da wannan fanni kai tsaye ba. Ana shigarsa ne ta injiniyancin gine-gine, na ruwa, na lantarki ko na ma'adinai, a wurare irin su Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a nan Maradi, EMIG a Yamai, ko 2iE a Wagadugu, sannan a ɗora da darasin tafiyar da ayyuka. Abin da zan gaya wa ƙanena mai wannan niyya shi ne kada ya guji lissafin yiwuwa da ƙididdiga don yana da wuya, shi ne ƙashin bayan abin. Ya koyi ilimin ƙasa da na ruwan sama. Ya koyi karanta kwangila kamar lauya, domin injiniyoyi da yawa sun iya zane amma ba su san abin da suka sa wa hannu ba. Ya san cewa cibiyar nazarin yanayi da noma ta Sahel, AGRHYMET, da hukumar yanayi ta ƙasa suna fitar da hasashen damina kowace shekara, kuma mai tsara aikin hanya ya fi manomi buƙatarsa wani lokaci.

Sauran kuma ba a aji yake ba. Alƙalumanmu na ruwa da na ƙasa ba su da yawa, don haka tsohon da ya shekara 60 a bakin ƙorama rumbun bayani ne. Shi zai nuna maka jikin kukar da ruwa ya taɓa kaiwa, ya gaya maka shekarar. Ɗalibin da ya iya durƙusawa ya ce "Baba, ina ruwa yake bi a da?" ya rubuta amsar, ya fi wanda ya dogara da kwamfuta kaɗai. Mafi wuyar duka shi ne iya faɗa wa Alhaji mai aikin, ko shugaban da ke sama da kai, maganar da ba ya son ji, cikin ladabi, a kuma rubuce.

Mai gina gidan kansa ma yana cikin wannan lissafi ko bai taɓa jin sunansa ba. Kafin ya biya kuɗin fili, ya je ya gan shi a watan Agusta bayan an ɗauke ruwa, ba a watan Maris ba. Ya tambayi maƙwabta inda ruwan titin ke sauka. Ya ɗaga daɓen gidan sama da titi, yana tuna cewa duk ranar da aka zo yin kwalta titin zai ƙara tudu. Idan zai hau bene, kuɗin gwajin ƙasa da na injiniyan da zai lissafa ƙarfe ba su kai na tayil ɗin falo ba. Ya rubuta da magininsa wa zai ɗauki ƙarin idan siminti ya tashi, da kwana nawa za a bar katakon dal kafin a cire. Kuma idan ƙiyasin ya ce miliyan 10, kada ya soma da miliyan 10 cif a hannu, sai dai ya rage ɗaki ɗaya daga zanen.